Masu Jinyar Tsohon Fim

Duk wanda ya tashi a Rano ko Kibiya, in dai ya ba shekara hamsin baya, ba sai an yi masa bayanin majigi ba. Tun da la'asar ake jin lasifika a kan mota tana zaga gari, yara na biye da ita a guje. Kafin a idar da sallar lisha an kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada, an ta da janareto, mutanen ƙauyukan kewaye sun iso, wasu a ƙafa wasu a kan keke. A nuna yadda ake shuka auduga a layi, a nuna allurar rigakafi, a nuna manya suna rangadi, in an yi sa'a a haɗa da fim ɗin Baban Larai. Jama'a na kallon ƙyalle, ni kuwa rabin hankalina yana baya, wurin mai majigin. So nake in ga yadda yake zaro bakin zaren fim daga faifai, ya bi da shi ta kan haƙoran inji, ya bar masa 'yar lanƙwasa a sama da wata a ƙasa don kada ya ɗame, ya rufe, sannan ya murɗa makunni. Ran da zare ya tsinke ana tsakiyar kallo, fili kan kaure da ihu da fito, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi. Tocila a baki, ya daidaita bakunan biyu, ya kankare ɗaya da reza, ya shafa wani ruwa mai ƙarfin wari, ya danne, ya ɗan jira, ya mayar. Hoto ya dawo, ihu ya koma shewa.

Shi nake tunawa duk sa'ad da aka ta da zancen fim ɗin Shaihu Umar. Littafin dai na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, yana cikin waɗanda suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa, da Hausa, mai launi, a kan zare mai faɗin milimita 35, tsawonsa minti 142. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977, daga nan ya yi ɓatan dabo. Kusan shekara arba'in sai dai a ji sunansa. Yaran da suka taso suka ɗauka fim ɗin Hausa daga Turmin Danya na 1990 ya fara, alhali shekara goma sha huɗu kafin nan an riga an yi wanda ya kai a nuna wa duniya.

Didi Cheeka, mai shirya fim kuma mai sharhi a kan finafinai, shi da abokan aikinsa na Lagos Film Society, suka shiga tsohon ginin sashen fim na zamanin Turawa a Legas, wanda ke hannun Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Suka tarar da gwangwanaye jibge, tsatsa ta cinye su. A 2016 aka gano Shaihu Umar a ma'adanar hukumar, da nagatif ɗinsa da kwafensa. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta ɗauki aikin gyara, a watan Fabrairun 2018 aka haska shi a bikin finafinai na Berlin. Labarin da jaridu suka bayar ke nan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ke faruwa tsakanin gwangwani mai tsatsa da farin allo, domin a nan ne ake gane mai son tsohon fim da gaske. Ga yadda masu wannan sana'a suke bi da kowane tsohon fim in ya zo hannunsu.

Kayan aikinsu na farko hanci ne. Zaren fim abu biyu ne a manne. Akwai leda mai ƙarfi wadda haske ke ratsawa, ita ce gadon baya. A kanta aka shafa wata 'yar siririyar fata ta danƙo, wanda ake dafowa daga ƙashi da fatun dabbobi, kuma a cikin wannan shafin ne hoto yake zaune. In ka juya zaren a haske za ka ga fuska ɗaya na ƙyalli, ɗayar dusu-dusu. Mai dusu-dusun ita ce mai hoto. Finafinan da aka yi kafin wajen 1950, ledarsu naitiret ce, mai kama wuta kamar fetur, wadda in ta kama ko ruwa ba ya kashe ta da sauƙi. Daga baya aka koma wata leda, asitet, irin wadda aka ɗauki Shaihu Umar a kai. Ita ba ta ci da wuta haka, amma tana da tata cutar. In zafi da laima suka haɗu a kanta shekara da shekaru, sai ta fara ruɓewa daga ciki tana fitar da tsami, tsamin kuma ya ƙara hanzarta ruɓewar. Da an ɗaga murfin gwangwani, in warin ruwan khal ya bugi hanci, mai gyara ya san ciwo ya shiga. Nan take zai ware wannan gwangwanin daga 'yan'uwansa, don tururin tsamin yana harbin na kusa da shi. Hanci yana faɗin akwai ciwo, amma ba ya faɗin zurfinsa, saboda haka sai a jefa wata 'yar takarda shuɗiya a ciki, a rufe, a bar ta ta kwana ɗaya ko fiye. In ta fito shuɗiya, da sauƙi. In ta koma kore, ciwo ya fara nisa. In ta zama rawaya, wannan faifan shi za a fara ceta kafin kowa.

Ka tuna fa inda aka samo gwangwanayen nan: Legas, bakin teku, inda iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Danƙon da ke riƙe da hoto abinci ne ga fumfuna, tana bin sa tana yin rassa kamar saiwar ciyawa, inda ta ci kuwa hoto ya tafi har abada.

Daga hanci sai yatsa. Ana ɗora naɗin fim a kan wani tebur mai faifai biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, da hannun murɗawa, da gilashi mai fitila a ƙarƙashinsa a tsakiya. Ba a taɓa sa tsohon fim a injin majigi don a ga abin da ke ciki. Ledar da ta tsufa motsewa take yi, 'yan hujin da ke gefenta su matso kusa da juna, haƙoran inji kuwa suna nan inda aka ƙera su. In motsewar ta kai wajen kashi ɗaya cikin ɗari, haƙoran sai su riƙa cizon gefen huji suna yaga shi, a lalata cikin minti goma abin da ya jure shekara arba'in. Don haka da hannu ake warware shi. Hannun dama na murɗawa a hankali, na hagu ya riƙe zaren ta gefe da gefe tsakanin babban yatsa da manuni, ba ya taɓa fuskar hoto. Akan sa safar hannu ta auduga, amma gwanaye da yawa sukan cire ta in sun ga gefen ya farfashe, domin zaren safa yana maƙalewa a tsagewa ya ƙara yaga ta, fatar yatsa kuwa tana jin tsagar tun ido bai gan ta ba. Da yatsa ya ji ƙaiƙayi sai hannun dama ya tsaya. A sunkuya da gilashin ƙara girma, a duba, a rubuta a takarda: a ƙafa kaza huji uku sun yage, a ƙafa kaza tsohon haɗi ya saki, a ƙafa kaza fumfuna ta ci kusurwa. Sai a ci gaba.

Bari mu yi lissafi, don a san girman abin. Hoton fim ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu a jere, gida-gida, 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, ido ne ke haɗa su ya ga motsi. Fim mai minti 142 yana da gida 204,480. In aka miƙe zarensa a ƙasa ya kusa kilomita huɗu. Kowane gida yana da huji huɗu a dama, huɗu a hagu, wato huji sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, kuma kowanne sai ya bi ta tsakanin yatsun mutum ɗaya. Wannan na nagatif ɗin hoto ne kawai, ba a zo kan na sauti ba, ba a zo kan kwafe ba.

Na taɓa kai wa kawuna wani guntun zaren fim da na samu daga tarkacen wata tsohuwar silima a Kano. Tsohon masaƙi ne a wani ƙauye na ƙasar Kibiya, ido ya fara rauni, ya daɗe da jingine ƙoshiya. Ban gaya masa yadda ake riƙewa ba. Ya karɓa ta gefe da gefe, ya ɗaga shi sama wajen hasken ƙofar zaure, ya bi bakinsa da babban yatsa tun daga farko, sai ya tsaya.

"Ɗan nan, ai nan ya ci."

Na duba, huji ɗaya ne ya tsage, tsagar ba ta kai ƙwayar gero ba. Na ce, "Haka ne, Kawu. Yaya aka yi ka gani?"

"Ban gani ba, ji na yi. Wannan ai zugu ne. Ta baki ake sanin lafiyar saƙa."

Ya tambaye ni ko akwai masu ɗinke irin wannan in ya ci. Na ce akwai, sana'arsu ke nan. Ya jinjina kai, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya miƙo mini da hannu biyu. Tun daga ranar na daina ganin aikin nan a matsayin abin Turawa. Rano da Kano su ne tarihin Hausa Bakwai ya kira sarakunan baba, ƙasar nan ta masaƙa da marina ce, kuma siririn abu mai tsawo wanda ake naɗewa, ake bi da yatsa taƙi bayan taƙi, ba baƙonmu ba ne.

Wani lokaci naɗin ba ya ma warwaruwa, ya manne ya zama dunƙule kamar kantun gishiri. Wanda bai sani ba zai ja, in ya ja kuwa fatar hoto ta wannan zagaye sai ta bi bayan na kusa da ita, an yi asarar biyu. Gwani ajiye shi yake yi a cikin akwati rufaffe, da ɗan danshi ko tururin magani gwargwadon ciwon, ya bar shi kwanaki, wani sa'in makonni. Kullum ya zo ya gwada bakin da ɗan yatsa. In ya saki taƙi ɗaya, ya warware taƙi ɗaya ya tsaya. In bai saki ba ya rufe ya koma wani aikin.

Akwai kuma karatun gefe, wanda ni ya fi burge ni. A can bakin zaren, bayan huji, kamfanin da ya yi ledar yakan buga sunansa da wasu 'yan alamomi. Kodak ya daɗe yana sa ɗigo, da murabba'i, da alwatika, da alamar tarawa, kuma yadda aka jera su yana nuna shekarar da aka yi ledar. Akwai lambobi a gefen nagatif da ke ƙirga kowace ƙafa, waɗanda mai tace fim ya bi lokacin da yake yanka da haɗi. Da waɗannan ne mai gyara yake gane wanne naɗi ne uwa, wato ainihin nagatif ɗin da ya kwana a cikin kyamara ranar ɗauka, wanne ne ɗa, wanne ne jika. Kowane kwafi da aka wanke daga wani yana rasa ɗan kaifi, kamar yadda zance ke raguwa daga baki zuwa baki. Saboda haka uwa ake nema. Inda uwa ta ruɓe ko wani yanki nata ya ɓata, sai a ɗauko wannan yankin daga ɗan da ya fi lafiya. Ana jera su fitowa bayan fitowa, ana gwada wannan da wancan, har a tabbatar ba a bar ko gida ɗaya a baya ba, ba a kuma sa na gaba a baya ba.

Sannan ɗinki. Hujin da ya yage ana yi masa ƙari da wani siririn salatif na musamman wanda aka huda daidai da hujin fim. Da 'yar aska mai tsini ake yanka shi, a ɗora a bakin zaren kaɗai, kada ya hau kan hoto. Tsofaffin haɗe-haɗe da wani ya yi da salatif ɗin kasuwa shekaru da suka wuce, danƙonsu ya narke ya bi zagaye biyu ko uku, sai a ɓare su, a goge danƙon da auduga a kan tsinke da ɗigon magani, a sake haɗi mai tsabta. Mutum na iya wuni a kan abin da in an haska shi bai fi ƙiftawar ido biyar ba. Bayan ɗinki sai wanka, amma ba da ruwa ba, don ruwa yana kumbura danƙon ya saɓule hoto. Wani magani ne mai bushewa nan da nan, a cikin injin da ke girgiza shi da sautin da kunne ba ya ji, girgizar ce ke kakkaɓe ƙura daga cikin ƙananan ramuka ba tare da an goga komai a fuskar hoto ba.

Sai an gama duk wannan ake kai shi ga sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton kowane gida ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwamfuta. Sikanar tsofaffin finafinai ba ta da haƙora, a kan tayoyi masu laushi zaren ke bi, fitilarta kuma ba ta da zafi. Kowane gida ana rarraba shi ɗigo dubu biyu ko dubu huɗu a faɗi. A nan akwai wata dabara mai daɗin ji. Ƙarzuwar da ke bayan leda, in haske ya bi ta kanta, karkacewa yake yi, shi ya sa ake ganin dogon layi yana rawa a kan allo. To sai a sa zaren ya ratsa ta cikin wani ruwa wanda haske ke bi ta cikinsa daidai yadda yake bi ta cikin ledar. Ruwan ya cike ƙarzuwar, haske ya wuce sak, layin ya ɓace, alhali ba a taɓa hoton ba. Amma in a fuskar hoto ƙarzuwar take, dabarar ba ta da amfani sosai, domin a nan naman hoton ne aka yaga.

A cikin kwamfuta ne ake jarraba halin mai gyara. Akwai manhajar da ke share datti da kanta: tana gwada kowane gida da na gabansa da na bayansa, duk abin da ta gani a gida ɗaya tak sai ta ce ƙura ce, ta goge. Malalaci zai danna mata maɓalli ya tafi shan shayi. Sai dai manhaja ba ta san tsuntsu ba. Tsuntsun da ya gifta da sauri, kibiyar da aka harba, tartsatsin wuta, ɗigon ruwan sama, ƙyallin takobi, duk a gida ɗaya ko biyu suke bayyana, duk za ta iya share su. Don haka gwani yana zaune yana bin ta gida-gida, yana cewa wannan ƙura ce, wannan kuwa tsuntsu ne, mayar da shi. Haka nan ɗan ɓarɓashin da ke yawo a hoton fim kamar tsabar yashi, wanda wasu ke ɗauka datti ne. Jikin fim ɗin ne, daga shi aka gina hoton. In aka goge shi fuskokin mutane sai su koma kamar na roba. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a gyara ɓarnar da zamani ya yi, a bar abin da mai fim ya yi, ko da kuskure ne. In inuwar makirfo ta faɗo a bango ranar ɗauka a 1976, tana nan, ba a taɓa ta. Wannan kamun kai ne nake girmamawa fiye da duk na'urorin, domin kayan aikin da za su iya mayar da fim ɗin Adamu Halilu ya yi sheƙi kamar tallar sabulu suna gaban mutum, ya kuma ƙi.

Launi kuwa, nan ne aikin ya koma na marini. Fim mai launi rini uku ne a shimfiɗe bisa juna: rawaya, da wani ja mai ratsin shunayya, da shuɗi mai ratsin kore. Ba tare suke koɗewa ba. A kwafen wancan zamani shuɗin da rawayan ne ke fara gudu, jan ya rage, shi ya sa tsohon fim yakan koma ja-ja kamar an tsoma shi a zoɓo, sama ja, rairayi ja, farar riga ja. Nagatif ya fi riƙe rininsa, amma shi kuma komai a juye yake a cikinsa, fari baƙi, baƙi fari, kuma ba ya faɗin yadda mai fim ya so a ga abin. Mai daidaita launi yana zaune a ɗaki mai duhu, bangonsa toka-toka don kada wani launi ya ruɗi idonsa, yana ƙara wannan yana rage wancan, fitowa bayan fitowa. Yana neman abin da ya san launinsa ya kafa ma'auni da shi: farin rawani, baƙin inuwa, fatar mutum. Akwai tarko a nan. Masu fim na da sukan ɗauki fitowar dare da rana tsaka, sai wajen wanki a duhunta ta ta zama dare. A nagatif rana ce ƙiri-ƙiri. Wanda bai san labarin ba, bai kuma duba tsohon kwafi ba, zai mayar da dare rana, ya ɗauka gyara ya yi.

Marinin karofi yana duban kumfar da ta taso a bakin rijiyar baba, ya shinshina, ya san ko ta nuna ko da saura, ba tare da ma'auni ba. Irin wannan idon ake bukata a ɗakin launi, kuma a ganina a nan ne ɗan gida ya fi kowa amfani. Wanda bai taɓa ganin rawani ɗan Kura a rana ba, bai san baƙinsa ba baƙi ba ne, shuɗi ne da ya nuna har yana walƙiya da ja-ja saboda bugu. Bai san bambancin jan ƙasar bangon gidan sarki da jan da koɗewa ta kawo ba. Bai san yadda hazon hunturu ke cinye shuɗin sama ba, sai ya ɗauka rini ne ya gudu ya mayar da shi. Na'ura tana Jamus, amma sanin yadda ƙasar Hausa take a ido yana wurinmu.

Sauti nasa naɗin daban ne. A kan kwafi, wani siririn layi ne mai zanƙalƙalai a gefen hoto, haske ke karanta shi ya zama murya, kuma yana gaban hotonsa da kimanin gida ashirin domin ba wuri ɗaya inji ke karanta su ba. Ana cire ƙas-ƙas da gurnanin lantarki, a bar numfashin mai magana da amon ɗaki. Sannan a daidaita murya da leɓe, aikin da sai mai jin Hausa zai tabbatar ya zauna. In an gama, ba a yar da nagatif don an samu kwafin kwamfuta. Ana sa shi a sabon gwangwani, a kai shi ɗaki mai sanyi marar laima, domin na'urar gobe za ta iya karanto abin da ta yau ta kasa.

Mai gyara shi ne mutumin da ya fi kowa kallon fim ɗin, har da wanda ya shirya shi. Kuma daga irin kallonsa ne mai sharhi na ƙwarai yake koyon nasa: ya lura da inda aka kafa kyamara, da tsawon lokacin da aka bar ta a kan fuska kafin a yanke, da abin da aka bari a gefen hoto, da wurin da aka yi shiru. Labarin Shaihu Umar kowa ya san shi tun daga makaranta: malami a Rauta yana ba almajiransa tarihinsa, da korar Makau mijin mahaifiyarsa, da sace yaro, da Abdulkarim da ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi, da uwar da ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Fim ɗin tafiyar ayari yake yi, ba ya gaggawa, kuma ya dubi bauta ido da ido, abin da finafinanmu na yanzu ba su cika kusanta ba. Ban da labarin ma, akwai Hausar bakin mutanen 1976, da ɗinkin rigunansu, da yadda suke zama da yadda suke gaisawa. Da tsohuwar zuma ake magani. A teburin mai shayi a Rano yau za ka ga matashi an tura masa fim goma a waya, yana tura hoton gaba da babban yatsa, ya gama fim ɗin awa biyu kafin shayinsa ya huce. Ba na ganin laifinsa, ba a taɓa nuna masa wani irin kallo ba. Yatsan nan nasa dai irin na kawuna ne, irin na mai gyara ne.

Duniya ta daɗe da farkawa a kan wannan. Martin Scorsese ya kafa gidauniyar ceton finafinai a 1990, a 2017 kuma ta haɗa hannu da UNESCO da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka da ma'adanar finafinai ta Bolonya a Italiya, da niyyar gyara finafinan Afirka hamsin. An riga an gyara Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da Borom Sarret na Sembène Ousmane, 'yan Senegal. Mu ma muna da namu da aka ɗauka a kan irin wannan zare: Kanta of Kebbi na Adamu Halilu, Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa na 1991, Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu na 1992. A Nijar akwai aikin Oumarou Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972, da na Moustapha Alassane da ya zauna a Tawa. Ma'adanar finafinai ta ƙasa tana Jos, kuma tun 2019 Jami'ar Jos, tare da Hukumar Finafinai da Jami'ar Goethe ta Frankfurt, take koyar da adana fim a matakin digiri na biyu. Daga Rano, in ka bi ta Tudun Wada ka ratsa dajin Falgore ka wuce Saminaka, ka isa. Ina fatan in ga ɗan Rano ko 'yar Kibiya a wannan ajin.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. A gidaje da yawa na ƙasar nan akwai kaset-kaset na bidiyo a cikin kwali a ƙarƙashin gado ko a saman sif, dab da kwanon rufi: finafinan farkon Kannywood, bikin aure, hawan Sallah a ƙofar fadar Rano, saukar karatu, muryar tsohon da ya riga mu gidan gaskiya. Zafin bazara da laimar damina suna cin su kamar yadda suka ci gwangwanayen Legas. Mai karatu, in kana da su, sauko da su yau. Ka jera su a tsaye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da lasifika da bangon da ke tsattsafo. Wanda ka ga farin gari a jikin zarensa kada ka sa shi a inji, ware shi. Ka rubuta a jikin kowanne abin da ke ciki, da shekara, da sunayen mutanen, tun masu gane fuskokin suna raye. In kuwa gwangwanin fim ne ka gada daga wani tsohon ma'aikacin majigi, kada ka warware shi a ƙasa, kada ka wanke shi da ruwa, kada ka ba yara su yi wasa da shi. Ɗaga murfin ka shinshina, ka rufe, ka nemi mutanen ma'adanar Jos.